Daga wuri zuwa POS: kafin ka karɓi na'ura, ka san wa ka ba ajiya

Jama'a, kwanan nan tambayar da ake yawan turo mini daga Gwarzo da Kabo ita ce: wane POS ya fi, Moniepoint ko OPay ko PalmPay ko na banki? Ba zan zaɓar wa kowa kamfani ba, amma ina so mu ɗan waiwaya baya, don tambayar ta girmi na'urar.

Kakanninmu da wuri suka ci kasuwa. Da Turawa suka kawo sulalla, aka ɗau lokaci mutane ba su saki jiki da su ba. Ko banki sai da manya suka fara shiga: a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar azurfa lodin raƙumi ashirin. Ɗan kasuwar ƙauye kuwa ya ci gaba da asusu da adashe da ajiya wurin amintaccen mutum. A 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, a 1984 aka sauya launin takardun cikin 'yan kwanaki, mutanen karkara suka sha wuyar layin banki. Kowane sauyi, mai ƙaramin jari da ke nesa da birni shi ke fara jin zafinsa.

Maganar rage amfani da tsabar kuɗi kuwa a Legas Babban Banki ya fara ta a 2012, ta iso jihar Kano a Yulin 2013. A shekarar ne kuma aka fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda muke kira masu POS. Duk da haka mai shago a Getso ko Garo bai ga dalilin karɓar kati ba, tunda kwastoma da kuɗinsa a aljihu yake zuwa.

Abin da ya sauya komai kowa ya san shi. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya sanar da sauya ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 kuɗi suka ɓace, aka koma sayen naira da naira. Manhajojin bankuna da yawa suka kasa ɗaukar nauyin, sai waɗannan sababbin kamfanoni suka cike gurbin. Kotun Ƙoli ta dawo da tsoffin kuɗi ranar 3 ga Maris, amma ɗabi'a ta riga ta canza. Yau mai shayi ma lambar asusu ce manne a teburinsa.

To, abin da tarihin nan ya koya mini shi ne: zaɓen na'ura zaɓen ma'aji ne. Cinikin yini gaba ɗaya a hannunsu yake kwana. Don haka ga abubuwan da nake ganin ya kamata ka bincika.

Na farko, lasisi da inshora. Ka tambaya wane irin lasisin Babban Banki suke da shi, kuma ko ajiyarka tana ƙarƙashin NDIC. A 2024 an ɗaga inshorar zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikurofainans. A Yunin 2024 aka soke lasisin Heritage Bank, kun ga maganar ba tatsuniya ba ce. Kada ka bar jarinka duka a wuri ɗaya.

Na biyu, sabis. Na'urar da ke gudu a Kantin Kwari ba lallai ta yi gudu a Kutama ko Durun ba. Ka tambayi maƙwabcinka na kasuwa wane layi ke kamawa a rumfarsa, ranar kasuwa da rana tsaka, lokacin da kowa ke kan netwok.

Na uku, wa za ka kira in kuɗi ya maƙale? An cire wa kwastoma, kai bai shigo maka ba, ga shi tsaye da buhun masara, ga mota na jira. In wakilin kamfanin yana Gwarzo, cikin awa ɗaya ka same shi. In sai ka biya kuɗin mota zuwa Kano, ka lissafa wannan cikin tsadar na'urar.

Na huɗu, caji. Kada ka tsaya kan kuɗin karɓar na'ura. Nawa ake yanka a kowane ciniki? Akwai adadin da dole ka cika kullum, in ba haka ba su ɗauke kayansu? Ka tuna da naira 50 ta gwamnati a kan tiransifar da ta kai dubu goma. A rubuta maka komai, ka ba wanda ya iya karatu ya duba.

Na biyar, bashin da suke tallatawa. Da yawansa da ruwa ne. Wanda ke gudun riba ya karanta sharuɗɗan kafin ya danna, akwai Jaiz da TAJ da ba sa harkar ruwa.

Sannan asusun ya kasance da sunanka da BVN ɗinka, ba na yaron shago ba. Kuma kada ka saki kaya don an nuna maka rasit a waya, sai ka ga kuɗin sun shiga naka asusun.

Iyayenmu ba sa ba mutum ajiya sai sun san gidansu da wanda zai tsaya masa. Na'urar ce sabuwa, ƙa'idar tana nan yadda take. 'Yan kasuwar Gwarzo da Kabo, ku faɗa mana wane layi ne ya fi kamawa a garinku, don na baya su amfana. Allah ya sa albarka a kasuwa.