Takarda da Shaida: Rikicin Gona a Ƙasar Madawa

A fadamun Tarka, wajen Sabon Gida, inda albasa ta ɗaga darajar ƙasa, ba abin mamaki ba ne mutum biyu su yi da'awar gona guda: wannan ya ce gado, wancan ya ce saye, alhali kakanninsu sun san jingina ce ko aro.

Turawan Faransa sun zo da tasu amsa. Dokar 26 ga Yuli 1932 ta sake tsara littafin rajistar filaye: wanda aka rubuta sunansa ya mallaka, ba a sake tayar da magana. Manoman Adar kuwa ba su kula da shi ba. Maigari, dattawa da rantsuwa da Alƙur'ani suka ci gaba da raba gardama.

Ranar 18 ga Disamba 1974 Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta mai nomanta ce. Masu aro suka riƙe, masu gado suka yi shiru har bayan rasuwarsa a 1987, sannan ƙararraki suka dawo.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta daidaita haƙƙin al'ada da na takarda, ta kuma kafa kwamitocin Kofo domin rubuta cinikin gonaki. Sai dai ba ta goge hukuncin sarakunan baya ba, kuma sau da yawa kowane ɓangare na riƙe da nasa.