Kogin Sota da Yaƙi da Makantar Bakin Kogi, 1974–2002

Malanville gari ne na kasuwa a arewacin Benin, wanda gada ta haɗa shi da Gaya ta Nijar. Kusa da shi ne kogin Sota ke zuba cikin Kwara. Sota da Alibori da Mekrou suna cikin kogunan da baƙin ƙuda ke hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Ƙudan nan shi ke ɗaukar tsutsar da ke kawo ƙaiƙayi, daga baya ta makantar da mutum, abin da ya sa manoma suka guje wa fadamu masu albarka.

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar da shirin OCP a ƙasashe bakwai, ciki har da Dahomey (wato Benin ta yau) da Nijar, da hedkwata a Wagadugu. Dabarar ita ce a riƙa fesa maganin temephos a koguna kowane mako daga jiragen sama, domin kashe 'ya'yan ƙudan kafin su yi fiffike. To, har zuwa yaushe? Amsar ta dogara ne da tsawon ran tsutsar a jikin ɗan Adam, kuma a lokacin ba a san shi tabbas ba. Sai aka yi kirdado, aka tsara shekara ashirin.

Abin lura shi ne masu shirin ba su ɗauki kirdadon nan a matsayin gaskiyar da ba ta canzawa ba. Sun zuba ma'aikata a bakin koguna, suna zama da ƙafafu a buɗe tun safe har yamma suna kama ƙudan da ya sauka a kansu, a feɗe shi a ƙirga masu tsutsa. Aiki ne mai ban tausayi, amma shi ya tona kurakuran tsarin. Tun a shekarun farko aka gano cewa iskar damina na kwaso ƙuda daga ɗaruruwan kilomita zuwa wuraren da aka riga aka share, sai aka faɗaɗa shirin zuwa kudu da yamma, har ƙasashen suka kai 11 a 1986. A 1980 kuma ƙudan ya daina jin temephos a Kwaddibuwa, dole aka koma karɓa-karɓa tsakanin magunguna daban-daban.

Bugu da ƙari, alƙaluman da aka tara sun nuna cewa feshin kimanin shekara 14 ya isa a wuraren da sabon ƙuda ba ya shigowa. A 1987 kamfanin Merck ya ba da ƙwayar ivermectin kyauta, aka haɗa feshi da rabon magani. An rufe shirin a Disamban 2002, kuma an ƙiyasta ya kare mutum 600,000 daga makanta. A Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.