Rubutun Dayari da Amfaninsa ga Mai Rubutu: Bitar Gwaje-gwaje daga 1986 zuwa 2018

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar gwaje-gwajen masana halayyar ɗan'adam a kan rubutun dayari. Ta nuna cewa amfanin yana nan, sai dai bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma ya rataya ne a kan abin da aka zuba a takardar.

Gwajin farko

A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall suka sa ɗalibai 46 na wata jami'a a jihar Texas ta Amurka yin rubutu na minti 15 kullum, kwana 4 a jere. Wasu an ce su bayyana abubuwa marasa nauyi, kamar ɗakin kwanansu ko takalmin da ke ƙafarsu. Sauran suka yi rubutu a kan wata musiba da ta taɓa samun su: wasu labarin kawai, wasu zafin da suka ji kawai, wasu kuma duka biyun. Da farko abin bai yi wa masu rubutun musiba daɗi ba, domin sun tashi da ɓacin rai. Amma a watanni 6 da suka biyo baya, waɗanda suka haɗa labari da raɗaɗi su ne suka fi ƙarancin zuwa asibitin jami'ar. Labari zalla bai wadatar ba ke nan.

Dayarin Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya ƙunshi shekarun 1912 zuwa 1927, misali ne na kusa na irin wannan rubutu. Yana lissafa hare-haren kamen bayi da ganimar da aka samu kamar mai ƙididdigar kanti, da wuya a ga inda ya tsaya ya tuhumi kansa. Taska ce ga masanin tarihi, amma ba irin rubutun da gwajin ya samu da amfani ba ne.

Aiki da barci

Teresa Amabile da Steven Kramer (2011) sun nazarci rubuce-rubucen kullum kusan 12,000 na ma'aikata 238 a kamfanoni 7. Abin da ya fi ɗaga ƙwazon ma'aikaci shi ne ya ga aikinsa ya matsa gaba, ko da kaɗan ne. A Jami'ar Baylor kuma, Michael Scullin (2018) ya samu cewa waɗanda suka ɗauki minti 5 suna rubuta ayyukan da ke jiran su sun yi barci kimanin minti 9 kafin masu rubuta abin da suka gama.

Iyakar amfanin

Da Joanne Frattaroli (2006) ta tattara gwaje-gwaje 146, tasirin da ta samu tabbatacce ne amma ɗan ƙarami. Ya fi fitowa idan an zauna rubutu aƙalla sau 3, kowane zama bai gaza minti 15 ba, a wurin da mutum yake shi kaɗai. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da wuyar cikawa a gidan da ɗaki ɗaya ke ɗauke da mutum biyar.