Yadda Aka Fara Ƙidayar Masu Gudun Hijira a Cikin Ƙasarsu

Yarjejeniyar 1951 ta ba da kariya ga wanda ya tsallake iyaka. Wanda ya tsere bai bar ƙasarsa ba kuwa, an daɗe babu mai lissafa shi. Sai a 1998 aka kafa cibiyar da yanzu ake kira IDMC domin tattara alƙaluman irin waɗannan mutane. A 2004 hukumar IOM ta ƙirƙiro tsarin DTM a Iraƙi, ya iso Najeriya a 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya watsa garuruwan Borno. Daga baya aka ƙara da ɗaukar hoton yatsu. Amma mai gudu ba ya zama wuri ɗaya: rajistar da ba a sabunta ba takan ware abinci ga wanda ya tashi, ta bar sabon zuwa da yunwa.