Aku a Fadar Sarki Abdurrahman: Amana ko Neman Sarauta?

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce a cikinmu ya san yadda Aku ya tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da hira dare bayan dare, har uban ya komo daga yaƙi, makircin Waziri ya wargaje. Mun taso muna ɗaukarsa mai riƙon amana. Amma akwai masu karatu da ke da wani zato: wai tsuntsun nan kansa yake yi wa aiki. Hujjarsu ita ce, ya shigo fada a matsayin hajar sayarwa, ya ƙare da rawanin Waziri, kuma a littafi na uku ga shi yana horar da ɗansa Fasih, kamar mai shirya magaji.

Kafin mu yanke masa hukunci, ya kamata mu bi salsalarsa. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya rubuta littafin a Zariya tare da taimakon Rupert East, aka fara buga shi a 1937. Tubalin labarin daga Indiya ya fito, daga tatsuniyoyin aku guda 70 da ake kira Shukasaptati, waɗanda Nakhshabi ya sake rubutawa da Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, matar wani ɗan kasuwa ce ke son fita wurin kwartonta. Wata tsuntsuwa ta faɗa mata gaskiya ƙiri-ƙiri, nan take ta kashe ta. Aku ya ga abin da ya faru, sai ya koma ba ta labari har asuba ta yi.

Wannan gadon ne Akun Imam ya ɗauko. Ba shi da takobi, ba shi da dangi a gari, ransa kuma yana hannun yaron da aka ba shi tsaro. In ya hana shi fita da tsawa, zai iya halaka. In ya ƙyale shi, ya ci amanar Sarki. Dabara kaɗai ta rage masa.

Don haka muna ganin masu zargin sun hango rabin gaskiya. Aku ya nemi tsira da ɗaukaka, kuma bai taɓa ɓoye cewa ya san darajar bakinsa ba. Shi ma tsohon Waziri buri gare shi, amma nasa sai an zubar da jinin Musa zai cika. Burin Aku kuwa ba zai cika ba sai yaron ya rayu, kuma a nan ne hanyoyinsu suka rabu.