Yadda Ungulun Kalifoniya Ta Sa Mafarauta Suka Fara Barin Harsashin Dalma

Tun da aka fara ƙera bindiga, dalma ce ƙarfen da ake yin harsashi da shi. Dalilin a fili yake. Tana da arha, tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, ga nauyi: dunƙulen dalma mai tsawo da faɗi da kauri santimita ɗai-ɗai ya kai giram 11.3, na tagulla kuwa bai wuce 9 ba. Harsashi mai nauyi ya fi tafiya nesa da ƙarfinsa. Ko da wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da harsashi mai rigar tagulla a 1882, cikinsa dalma ce.

Matsalar ita ce dalma guba ce. Mu a arewacin Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani ba, don mun ga yadda ƙurar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. A wajen farauta kuwa, tsuntsaye ne suka fara nuna alama. Tun 1894 George Bird Grinnell ya rubuta labarin agwagin ruwa da ke mutuwa a Amurka bayan sun haɗiyi ƙananan ƙwayoyin harsashi da suka zube a tafkuna. Sai da aka kusa cika shekara ɗari, a 1991, kafin Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a faɗin ƙasar. Amma dokar ba ta taɓa masu farautar manyan namun daji kamar barewa da aladen daji ba.

To, nan ne labarin kondo ya shigo. Kondo wata ƙatuwar ungulu ce ta yammacin Amurka, faɗin fukafukanta ya kusa mita 3. Mushe take ci, kuma ƙwai ɗaya take yi, sau da yawa sai bayan shekara biyu. A 1982 guda 22 suka rage a duniya. A 1987 aka kama ta ƙarshe da ke daji, aka haɗa su 27 ana kiwonsu a gidajen namun daji na San Diego da Los Angeles. Daga 1992 aka fara sakinsu a Kalifoniya, daga 1996 kuma a Arizona. Sai dai masu kula da su suka lura cewa kusan kullum sai an sake kamo wasu an wanke musu jini saboda dalma.

Ina suke samunta? Idan harsashin dalma ya bugi dabba da gudu, yakan farfashe ya bar ɓurɓushi masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa, waɗanda ido ba ya gani sai an sa naman a na'urar hoton ƙashi. Maharbi kuma yakan farke barewa a daji, ya zubar da kayan ciki, ya tafi da nama. Ungulu ta sauko ta cinye. Ruwan cikinta mai tsami ya narkar da dalmar, ta shiga jini, ta shanye mata hanji har ta kasa narkar da abinci. A 2012 Myra Finkelstein da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz suka gwada irin dalmar da ke jinin tsuntsayen, suka ga mafi yawanta ta yi daidai da ta harsashi.

Abin mamaki, maganin ya riga ya samu, kuma ba don tsuntsu aka ƙirƙire shi ba. Randy Brooks, mai kamfanin Barnes a jihar Utah, maharbi ne da ya gaji da harsashin da rigarsa ke rabuwa da dalmar ciki kafin ya ratsa babbar dabba. A 1989 ya fito da harsashi na tagulla zalla mai rami a baki. Da ya bugi nama sai bakin ya buɗe gida huɗu kamar fure, ya ratsa, ya fita kusan da duk nauyinsa. Wato neman kisa mai sauri ne ya haifi harsashin da daga baya ya zama kariya ga ungulu.

Jihohi biyu suka bi hanya biyu. Arizona ta zaɓi lallashi: daga 2005 ta riƙa ba mafarautan yankin kondo harsashin tagulla kyauta. Kalifoniya ta zaɓi doka: a 2008 ta hana dalma a yankin kondo, a 2013 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta game jihar duka, ta fara aiki gaba ɗaya a watan Yulin 2019. A tsakani, a 2008, wani likita a Dakota ta Arewa ya gano ɓurɓushin dalma a niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta ke ba mabuƙata sadaka. Daga nan magana ta tashi daga ungulu ta koma kan abin da yara ke ci a gida. Denmak ma ta hana harsashin dalma a duk wata farauta daga Afrilun 2024.

Mafarauta suna da ƙorafinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Harsashin tagulla yakan fi tsada. Da yake tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, harsashin ya fi tsawo, don haka wasu tsofaffin bindigogi ba sa juya shi yadda ya kamata, sai an sake saiti ko a zaɓi mara nauyi. Kuma yana buƙatar gudu sosai kafin bakinsa ya buɗe, abin da ke rage masa aiki a harbin nesa ƙwarai.

Yau kondo sun haura 500, fiye da rabinsu suna daji. Duk da haka, har yanzu dalma ce kan gaba cikin abubuwan da ke kashe su, domin mushe ɗaya mai ɓurɓushi ya isa ya sa wa garke guda guba, kuma tsuntsun da ke yawon kilomita sama da ɗari a rana bai san iyakar jiha ba.