Irin da Damargu ba ta cinye ba

Tun zamanin ayarin Kel Owi, geron Damargu ne ke ciyar da Agadas da Abzin. Manomin Tanut ko Belbeji bai jira kowa ya koya masa ajiyar iri ba. Tun a gona yake zagayawa yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika da kauri, ya ɗaure daminta daban, ya sa a can ƙuryar rumbu inda uwargida ba ta kai hannu. Haka Ankutes, geron nan mai gajeren kai da ke nuna da ɗan ruwa kaɗan, ya yi ta wucewa daga kaka zuwa jika.

Farin 1973 da na 1984 ne suka tona raunin wannan tsari. Yunwa in ta yi tsanani ba ta bambanta iri da abinci, gidaje da dama sun daka damin iri sun sha fura. Abin da ya riƙe mutane shi ne anza, wadda mata ke jiƙawa kwana da kwanaki suna sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita.

A 1976 masu bincike na cibiyar ORSTOM sun bi ƙauyukan Nijar suna karɓar irin gero suna adanawa. Da aka koma ƙauyuka 79 a 2003 aka gwada tsohon iri da sabo, sai aka ga sabon ya fi saurin fitar da kai. Ashe manoma na tafiya da gajarcewar damina ba tare da hayaniya ba. Da ba a ajiye na 1976 ba, da wa zai shaida? Wannan ne amfanin ɗakin iri na cibiyar ICRISAT a Sadore, da na lambun Kew a Ingila da aka buɗe a 2000, inda ake busar da ƙwaya a daskarar da ita.

Sai dai ni aikin Dalli, kusa da Tanut, ya fi kwanta mini. A ƙarshen shekarun 1980 Eden Foundation ta kafa gonar gwaji a wurin, tana tara irin itatuwan daji masu ba da abinci, irin su anza da magarya da aduwa, tana bai wa manomi kyauta ya binne a gonarsa ba tare da ban ruwa ba. Itacen da ya tashi kuwa, duk shekara zai zubar da sabon iri a inda ake bukatarsa.